Kassimu Ya Gina wa Zuma Rumbu

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, a shekarun da ake bin hanyar nan hankali kwance, ya ga aikin Kassimu ko da bai san sunansa ba. Rumbunan ƙasar nan masu ciki kamar tulu, da ke tsaye bisa duwatsu a bayan gidaje, kowanne da hular jinkarsa, da yawansu hannunsa ne. Wajen ubansa ya koya, uban kuwa wajen nasa uban. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai tsadar magana, sai fa in an taɓo zancen gini. Nan kam ka nemi wurin zama, don sai ya gaya maka ƙasar wane kududdufi ke tsagewa, da irin ciyawar da ake dakawa a cikin kwaɓi, da dalilin da ya sa maginan yanzu duk ba su iya komai ba. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ruwa bai taɓa shiga rumbun da ya gina ba, gara kuma ba ta taɓa hawa ba. In ka ce masa naka ya yi yoyo, zai tambaye ka wanda ya taɓa jinkar bayan tafiyarsa. Abin haushi, in ka bincika sai ka tarar da gaskiyarsa.

Yayansa Maliki kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Dogo ne, ga surutu, ga dariya, sana'arsa zuma. Yakan saƙa amya, gidan ƙudan zuma, da ciyawar gamba, ya shafe ta da kashin shanu, ya yi mata turare da wasu saiwoyi da bai taɓa gaya wa kowa sunansu ba, sannan ya haye kanya ko tsamiya a daji ya ɗaure ta. Kassimu bai taɓa raka shi ba. Tun suna yara ƙudan zuma ya harbe shi a fatar ido, ya kwana biyu yana lalube, daga nan ya yanke hulɗa da su. In an ce masa ba a shan zuma sai an sha harbi, sai ya ce ai akwai sukari a shago. Amma in Maliki ya aiko da ƙwarya, shi ke fara tsoma yatsa.

Wata ranar Talata a farkon bazara Maliki ya ɗauki igiyarsa da gatarinsa, ya ce za shi duba amyoyinsa na fadama. Bai dawo ba. Washegari aka tarar da gatarin da takalminsa ƙafa ɗaya a gindin kanya, ga sawun babura birjik. Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani, kowa a ƙasar nan ya san ma'anar sawun babura a daji. To amma mutanen daji in sun ɗauki mutum sukan bugo waya, in sun kashe akan ga gawa. Maliki babu waya, babu gawa. Aka rasa abin da za a ce wa matarsa Mairama, ta'aziyya ko jaje, sai mutane suka riƙa shigowa suna cewa sannu kawai suna fita.

Ba a yi nisa ba mutanen dajin suka aiko wa ƙauyen saƙo cewa su tashi. Kowa ya ɗaura abin da amalanke za ta iya ja. Kassimu ya tsaya yana kallon rumbunansa, don ba a ɗaukar rumbu a ka, yana cikin haka ya ji gardama a ƙofar gidan yayansa. Mairama ce ta kafe ba ta hawa amalanke sai da amyar da ke kan tsamiyar bayan gida, wadda ita kaɗai ce Maliki bai kai daji ba.

"Yaya Mairama, mutane na gudun ransu, ke kina batun zuma?" in ji Kassimu.

"Yayanka yac ce mani zuma ta san mai ita," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ran da mai amya yak kau, ko a Makka yam mutu, zuma ba ta kwana, tashi ta kai. Duba ka gani, ga su nan suna shiga suna hita. Shina nan da rai. In ba ku ɗaukar ta, ku tahi ku bar ni."

Kassimu bai san ko Maliki ya taɓa faɗin haka da gaske ba, ko kuwa cikin irin barkwancinsa ne. Amma ya dubi fuskarta ya ga ba wurin musu. Da sanyin safiya, kafin su fara fita, aka sami wani makiyayi mai ƙarfin hali ya hau ya toshe bakin amyar da tsumma, aka sauko da ita a igiya, aka naɗe da buhu. Haka aka shigo Isa da ita a kan amalanke tana gunji, Mairama na dafe da ita, sauran mutanen duk sun matsa can gefe suna salati.

Wani ɗan uwan uwarsu, Jibrilla kafinta, shi ya ba su aron kango a bakin gari, ɗaki biyu da fili. Kassimu da matarsa Azumi suka shiga ɗaya, Mairama ta shiga ɗaya. Babu bishiya a filin in ban da wani ɗan dogon yaro da ko akuya ba ya yi wa inuwa, don haka Kassimu ya kafa gwafa biyu a kusurwa, ya aza amyar, ya zare tsumman ya ruga a guje. Ƙudan suka fito suka yi ta kewaya, suka ga ba tsamiya ba fadama, amma suka zauna. Tun daga ranar Mairama ta sami aikin yi. Safe da yamma takan kai musu ruwa a sakaina, ta jefa 'yan tsinke a ciki don kada su nitse, ta zauna a kan turmi tana kallon bakin amyar. Ba ta cika magana da kowa ba, abinci ma sai Azumi ta matsa mata. In ta ga suna shiga suna fita, sai ta tashi ta kama wani aiki.

Sai damina ta faɗi. A kan tsamiya ganye ke tare ruwa, kuma Maliki yakan ɗaura wa amya damin shuci a bisa kowace shekara. A nan fili ne fetal. Ruwan farko ya wanke kashin shanun da aka shafe ta da shi, ciyawar ta jiƙe sharkaf, tsakiyarta ta fara lotsawa. Kassimu ya tsaya daga nesa yana dubawa. Bai san komai game da zuma ba, amma ya san abin da ruwa ke yi wa ciyawa, ya kuma san cewa in amyar nan ta ruɓe ƙudan suka tashi, Mairama ba za ta ce ruwa ne ba.

Ya fara da leda. Ya samo baƙar leda ya lulluɓe ta tsaf, ya ɗaure da roba. Da rana ta take, sai ga ƙudan sun fito sun taru a bakin amyar sun yi gemu, suna kaɗa fiffike kamar masu fifita. Azumi ta ce zafi ne ya ishe su, Jibrilla ya ce a'a, shirin tashi suke, shi ya taɓa gani. Kassimu bai tsaya tantance mai gaskiya ba, ya sa sanda ya yaye ledar. Jibrilla ya kawo guntun kwanon rufi ya ɗora, aka danne da dutse. Iskar hadarin farko ta ɗauke shi ta jefa gidan maƙwabta, saura kaɗan ya datse wa tunkiyarsu kunne, sai da aka je aka ba da haƙuri.

Ranar ne Kassimu ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi tagumi, can sai ya ɗago kai ya ce, "Ni ko mi ad damuwata? Ni da nike hana ruwa taɓa hatsin gari guda, amya ɗaya ta za ta gagare ni? Rumbu za ni gina mata."

Azumi ta dube shi. "Malam, rumbu cikin damina?"

"Ƙarami na, ba sai ya yi kwanaki shina bushewa ba."

Shi da bakinsa ya sha faɗa wa mutane cewa wanda ya gina rumbu da damina ya gina wa kwaɗi masauki. Amma larura ta sa ya haɗiye maganarsa. Ya ɗebo jar ƙasa a bakin wani kududdufi, ya murza ta a yatsa, ya tsuke baki don ba ta kai ta gida ba, ya daka ciyawa ya kwaɓa, ya rufe da zana ya bar ta ta ruɓa. Ya jera duwatsu a ƙarƙashin amyar, ya gitta itace a kai, ya yi daɓe. Daga nan ya fara ɗora gini zobe bisa zobe, yana kewaye amyar inda take, don ba shi da ƙarfin halin taɓa ta. In hadari ya taso sai ya ruga ya kifa zana.

Shigar da yake yi wa aikin nan ita kanta abin kallo ce. Da ya dawo sallar asuba zai zura babbar riga biyu, ya tura ƙafar wando cikin safa, ya kifa malfa, sannan Azumi ta yafa masa guntun gidan sauro daga kan malfar har ƙugu ta ɗaure da igiya. Hannu ne kaɗai ba dama, don ba a gini da safar hannu, magini da yatsa yake jin ƙasa. Ƙudan kuwa suka gane haka. Kafin ginin ya kai ƙirji hannayensa sun kumbura kamar gurasa, ko carbi ba ya iya ja. Maƙwabta sukan leƙo ta katanga su ce, "Sannu da aiki, mai rumbun zuma," su koma suna ƙyalƙyala dariya. Bai kula su ba. Rabonsa da ya ji ƙasa a hannu tun ƙauye, kuma gaskiyar magana daɗin aikin yake ji, har yakan manta dalilin yin sa.

Matsalar farko ƙofa ce. Bakin rumbu a sama yake, kowa ya sani, ta nan ake zuba hatsi ta nan ake ɗiba. Hannun Kassimu ya bi abin da ya saba, ya rufe gefe ruf ya bar baki a bisa. Da hantsi ƙudan da suka dawo kiwo suka yi ta bugun bango daidai inda bakin amyarsu yake a da, suna faɗuwa suna tashi. Mairama ta miƙe tsaye daga kan turmi, sakaina a hannu, ta ce, "Kassimu, sun ɓata." Ya ɗauko wuƙa ya huda rami a gefe. Suka ƙi shi, wai ya yi ƙasa. Ya toshe ya huda wani a sama kaɗan. Wasu suka shiga ta nan, wasu suka koyi bi ta bakin sama, wasu kuma suka ci gaba da bugun bango. Ya tsaya cikin gidan sauronsa yana zufa, ya rasa ko ya ƙara huda ko ya bari. A ƙarshe dai suka sasanta da ramin gefe, sai ya yi wa ramin ɗan baki kamar na indararo don kada feshi ya shiga.

Da ginin ya sha iska ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya shafe bayansa har yana ƙyalli, ya saƙa 'yar jinka da shuci ya kifa a kai. Wallahi abin ya yi kyau. Ɗan rumbu ne cas, tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum ba, kamar wanda aka yi wa 'yar tsana. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe ya ɗaga jinkar ya leƙa, ko ɗigo bai shiga ba. Mairama ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Allah shi yi albarka." Kassimu ya shiga ɗaki yana jin kansa kamar wanda aka naɗa sarauta.

Da yamma Azumi tana shara a kusurwar ta ga wani farin gari a bakin duwatsun. Ta taɓa ta sansana, ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, mi ka barbaɗa ƙarƙashin abin ga?"

"Abin da a ka barbaɗawa. Toka, da ganyen dogon yaro, da hodar ƙwari. Na ga gara ta hwara lasar itacen."

"Hodar mi?"

"Hodar ƙwari, ko kin kurumce?"

"To su waɗanda kag gina ma ɗakin, mine ne su? Tumaki?"

Kassimu ya dubi hannayensa. Shekara da shekaru bai taɓa rufe rumbu bai yi wannan barbaɗen ba, a ciki da ƙarƙashi, kamar yadda mutum ba ya fara cin abinci bai yi bisimilla ba. Hannunsa ne ya yi, kansa bai ko sani ba. Duk rayuwarsa aikinsa hana ƙwari shiga, ga shi yau ya gina wa ƙwari gida ya kuma zuba musu abin kora. Amma da yake ba mutum ba ne mai saurin karɓar laifi, sai ya gyara zama.

"Zuma ba ƙwaro ba ta," ya ce. "Ƙwaro na ka samun sura sukutum cikin Alƙur'ani?"

"Tururuwa ma tana da tata sura," in ji Azumi, "amma na ga hodag ga na kashe ta."

 Kassimu ya jira Mairama ta shiga sallar magariba, ya zura rigunansa, ya fasa gindin ginin ta baya, ya sa hannu ya yi ta kwaso toka da ganye da hoda, ya goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma, ya sake liƙewa. Harbin da ya sha a wannan yammacin ya fi na duk kwanakin ginin. A cikin tokar ya ga gawar ƙudaje, ba su da yawa, ba su kuma yi kaɗan ba. Ya tona rami a bayan kango ya binne su, ya roƙi Azumi kada ta faɗa wa kowa. Garin gudun gara ya faɗa gidan zago, ya sani, amma ya sa rai abin ya tsaya nan.

Kuma kamar ya tsaya. Kwanaki suka wuce, mako ya zagayo har ya wuce, ƙudan na shiga suna fita. Wata rana ya ga kamar sun ragu, washegari ya ga kamar sun ƙaru. Ya kan tsaya yana ƙirga masu shiga, sai ya rikice da masu fita ya bari. Hankalinsa ya fara kwanciya, har ya karɓi aikin gyaran katangar wani mutum a cikin gari.

Ranar kasuwar Isa, Mairama ta tafi gaisuwar haihuwa a wata unguwa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da hantsi Kassimu yana gyara bakin cebur sai ya ji gunji ya canja. Ya ɗaga kai. Ƙudan na bulbulowa daga ramin gefe kamar hayaƙi, suka cika filin, suka yi sama suka dunƙule a kan kangon, suka ɗan yi jim kamar masu shawara, sannan suka miƙa. Azumi ta fito da murfin tukunya tana bugawa, wai ta ji ana cewa ƙara na saukar da su. Kassimu ya bi su a guje ba takalmi har bakin gonaki, yana kira, shi kansa bai san abin da yake cewa ba. Suka haye kan geron mutane suka ɓace, ta wajen da ƙauyensu yake. Da ya dawo ya ɗaga jinkar ya leƙa, babu kowa sai saƙa fayau da 'yan tsiraru suna yawo a kai.

Ya zauna a ƙasa. Tambaya ɗaya ce ke cin sa: shi ya kore su, ko kuwa abin da Mairama ta faɗa ne ya tabbata? In hodar ce, me ya sa ba su tashi tun ranar ba? In ba ita ba ce, to mece ce? Kuma me ya sa suka nufi gida?

Ya sa takalmi ya tafi kasuwa wajen Hamza mai zuma, wani dattijo da ke zama da kwalabensa kusa da 'yan man shanu. Ya kwashe labari ya faɗa masa, bai ɓoye hodar ba. Hamza ya saurara yana kora ƙuda da mafici.

"Hoda na korar su," ya ce. "Amma yunwa ma na korar su, garin ga ba fure. Zahi na korar su, kai ko ka liƙe su cikin tukunya. Hayaƙin girki na korar su. Wani lokaci sarkinsu na ka mutuwa. Wani lokaci kuma ba komi, sun dai ga dama."

"To cikin waɗanga wane na?"

"Da ka kawo mani su da na tambaye su."

"An ce in mai amya yam mutu suna tashi."

Hamza ya daina kaɗa maficin. "Na ji ana hwaɗi. Ran da ubana yar rasu amyarshi biyu sun tashi. Huɗu kuma sun zauna." Ya ɗaga kafaɗa. "Kai ka san wadda za ka ɗauka."

Kassimu ya fito ya fi shiga ruɗewa. Ya biya ta makarantar Malam Hafizullahi, malamin da ke ja musu salla a unguwar, ya same shi yana gyara alƙalami a zaure. Malam ya ce wannan camfi ne, ƙudan zuma bai san gaibu ba, rai da mutuwa na hannun Allah. Kassimu ya ji sanyi a ransa, ya ce, "Ke nan Yaya shina da rai?" Malam ya ce shi bai ce haka ba, shi ma bai san gaibu ba. Ya ƙara da cewa matar wanda ya ɓace tana da hukuncinta a shari'a, akwai lokacin jira, in suna so ya yi musu bayani. Kassimu ya yi godiya ya tashi, don ba wannan ya zo nema ba.

A hanya ya yi ta juya abin. Rabin zuciyarsa na so a ce hodar ce, don in ita ce Maliki bai shiga ciki ba. Ɗaya rabin kuwa na tuna masa cewa ya kwashe hodar tas, ya goge, ƙudan sun zauna bayan haka, kuma ginin bai yi yoyo ba, babu mai iya cewa aikinsa ne. Da ya kama wannan sai ya ga inda take kai shi, ya sake ta da sauri ya koma wa ta farko. Haka ya iso gida bayan la'asar ba tare da ya tsayar da komai ba.

Mairama ta riga shi dawowa. Tana zaune a kan turminta gaban ɗan rumbun, sakainar ruwa a ƙasa ba a taɓa ba. Ba kuka take ba. Ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta ta ɗora a kan cinya. Azumi na tsaye a ƙofar ɗaki, ta dube shi ta girgiza kai, alamar ba ta faɗi komai ba.

"Sun tahi," in ji Mairama, ba ta juyo ba. "Ka je ka hwaɗa ma Malam a yi mai salla. Ni kuma in shiga takaba."

 Maƙwabta biyu sun riga sun leƙo ta katanga, Jibrilla ma ga shi ya shigo yana tsaye. Kassimu ya durƙusa a gefenta.

"Yaya Mairama, ba shi ba na. Ni nak kore su."

Ta juyo a hankali.

"Hodar ƙwari niz zuba masu cikin ginin ga, irin wadda a ka zuba ma hatsi. Na binne gawarsu bayan kango, Azumi shaida ta. Kuma na liƙe su ba iska. Ginin ga ba na zuma ba na, ban iya ba. Aikina na yak kore su."

Ta dube shi. "Ka tabbata?"

Bai tabbata ba. Da za a tsaga ƙirjinsa a wannan lokacin ba za a sami tabbaci ko na ƙwayar gero ba.

"Na tabbata," ya ce.

Sai Mairama ta miƙe. Muryar da ta fito mata, duk unguwar ba su san tana da ita ba. Ta ce masa sakarai, ta ce masa mai kan ƙasa, ta ce wane irin magini ne zai zuba wa baƙinsa guba, ta ce amyar da ta ɗauko tun daga ƙauye a kan cinyarta, wadda ruwa bai kora ba, 'yan bindiga ba su kora ba, shi ya kore ta da iyayinsa. Ta kira maƙwabta su zo su ga gwanin rumbu. Suka kuwa zo, katanga ta cika da kawuna, har da masu dariya. Kassimu na durƙushe, kumburarrun hannayensa a kan gwiwa, bai ɗaga kai ba, bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Azumi ta juya ta shige ɗaki tana share ido da bakin zane.

Da faɗan ya ishi Mairama ta tsaya tana haki. Ta sunkuya ta tsince 'yan kunnenta da suka zube a ƙasa, ta hure musu ƙura, ta nuna shi da yatsa.

"Ni ba ni ƙara ce maka komi," ta ce. "Bari yayanka shi dawo. Kai da shi."

"To," in ji Kassimu. "Allah shi kawo shi."

Ta wuce ɗaki tana maƙala ɗan kunne, tana ta mita.